Kuɗin bidiyona suna shiga asusun yayana, ga kuma maganar haraji ta taso

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, 'ya'yana uku. Shekara uku ke nan ina ɗora bidiyon girke-girke a YouTube da Facebook, wani lokaci kuma ina yin shiri kai-tsaye a TikTok. Da wasa na fara, yanzu abin ya zama sana'a. Bana idan na haɗa komai, har da tallan da masu kayan ƙamshi da kayan kicin suke ba ni, zan tashi da kamar naira miliyan 6. Lokacin da na fara ba ni da asusun dala, sai yayana ya buɗe komai da sunansa, kuɗin suna shiga wurinsa yana turo min. Shi ma'aikacin gwamnati ne. Tun da aka fara maganar sabuwar dokar haraji hankalinsa ya tashi, ya ce in nemi mafita kada in ja masa. Wata ƙawata ta ce in rarraba kuɗin a asusun mutane daban-daban, kuma a riƙa rubuta "kyauta" a duk turawa. Maigidana ya san ina samu, amma bai san abin ya kai haka ba. Ban taɓa biyan haraji ba, ko ƙofar ofishinsu ban sani ba, sai dai ina fitar da zakka. Anti barci ya gagare ni. Kama ni za a yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ƙara wa sana'ar albarka. Ki kwantar da hankalinki. Wadda ta tashi da ƙafarta ta je ofishin haraji da takardunta a hannu tana cewa ga abin da na samu, ba ita ake nema da kamu ba. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne gumin da kika yi shekara uku kina zubarwa a gaban murhu yana zaune da sunan wani. Za mu zo kan wannan. Bari mu fara da tsoron da ya hana ki barci.

Na san inda tsoron nan ya samo asali, domin gadonsa muka yi. Kakana yana da wata adaka ta ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa. Bayan rasuwarsa da aka buɗe ta, sai ga takardun haraji a ninke cikin wani tsohon ƙyalle, shekara bayan shekara, wasu har sun yi ja sun fara karyewa a wurin ninki. Mutumin da ba ya karatun boko, amma ya adana su kamar takardun gona, saboda a zamaninsu wanda aka tare babu takardar nan ya shiga uku. Harajin kai ne, ko ka noma ko fari ya cinye gonar sai ka biya, masu shanu kuma ga jangali. Sai a 1979 gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke su. Shi ya sa har gobe kalmar haraji take sa gaban Bahaushe ya faɗi. Wanda ake magana a kansa yanzu daban ne: a kan abin da kika samu ake lissafa shi, wanda samunsa bai kai wani mizani ba kuma ba ya biyan ko kwabo.

Ki kuma sani cewa wajibcin ba bana ya fara ba. Tun a tsohuwar dokar harajin ɗaiɗaikun mutane ta 1993, duk mazaunin Najeriya da yake cin riba daga wata sana'a ya kamata ya bayyana ta, ko tela ne ko mai shago a Kantin Kwari. Sabbin dokokin guda huɗu da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni 2025, waɗanda biyu daga cikinsu, na lissafin haraji da na karɓarsa, suka fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, sun canza lissafin ne, sun kuma ƙara sa ido. Tunda a Najeriya kike zaune, duk abin da kika samu ana lissafa shi, ko da kamfanin da ya biya ki yana Amurka, ko da da dala ya biya. Kuma tunda ke mutum ɗaya ce ba kamfani ba, hukumar tattara kuɗaɗen shiga ta jihar da kike zaune ce take da ke, wato KIRS a nan Kano. Ba sai kin je Abuja ba. Lambar NIN ɗinki ita ce lambar shaidarki ta haraji.

To ɗauko biro mu yi lissafi. Kin ce miliyan 6. Ba a kan miliyan 6 ɗin za a yanka miki ba, sai an cire abin da kika kashe domin sana'ar, a ga ribar da ta rage. A nan ne mata irinki suke cutar kansu, domin ba sa rubuta komai. Data da kike saye don ɗora bidiyo kuɗin sana'a ne. Haka gas ɗin da kike girki da shi a gaban kyamara, da man janareto ranar ɗauka, da kuɗin yaron da yake yanka miki bidiyon yana haɗawa, da kuɗin adaidaita zuwa kasuwa sayen kayan da za a nuna, da ladan da banki yake cirewa. Kayan da suke daɗewa kuwa, irin su kyamara da fitilar ɗauka da wayar da kika saya musamman don aikin, ba a cire kuɗinsu gaba ɗaya a shekara guda, rarraba shi ake yi a kan wasu shekaru, don haka ki adana rasiɗinsu da kyau.

Akwai wurin da za ki tsaya ki yi wa kanki adalci. Kazar da kika soya da rana don bidiyo, da daddare ita ce a kan teburin maigida da yara. Wayar da kike ɗauka da ita, da ita kike hira da dangi a WhatsApp. Doka tana yarda da abin da aka kashe kacokan domin sana'a ne kawai, saboda haka abin da gida da sana'a suka yi tarayya a kai sai ki raba shi rabon da za ki iya kare shi ba tare da kin sunkuyar da kai ba. Idan ranar ɗauka kin sayi kaji uku alhali gidanki guda ɗaya yake ci, biyun nan na sana'a ne. Idan kuwa kika jibga cefanen gida na shekara gaba ɗaya a lissafin sana'a, jami'in da ya duba zai gane, kuma daga nan zai daina yarda da sauran abin da kika rubuta har da na gaskiya.

Mu ƙaddara abin da kika kashe na sana'a ya kai naira miliyan 1 da dubu 800. Ribarki ta zama miliyan 4 da dubu 200. A sabuwar dokar, naira dubu 800 na farko babu haraji a kansu. Miliyan 2 da dubu 200 da suke biye ana ɗaukar kashi 15 cikin 100, wato dubu 330. Abin da ya haura miliyan 3 har zuwa miliyan 12 ana ɗaukar kashi 18, ke kuma miliyan 1 da dubu 200 ne naki suka faɗa nan, wato dubu 216. Jimilla naira dubu 546 a shekara. Kuɗi ne, ba zan ce miki ba kuɗi ba ne, kuma na san ba da daɗin rai ake fitar da su ba a ƙasar da kike biyan mai gadi da mai ruwa da man janareto daga aljihunki. Amma ki dube shi da kyau: kashi 13 ne cikin 100 na ribarki, ba rabin dukiyarki ba kamar yadda ake yaɗawa. Idan duk kuɗin da ya shigo kika ware ɗaya cikin goma kika ajiye a wani asusu daban da ba kya taɓawa, ƙarshen shekara za ki tarar ya isa har da saura. Akwai kuma rangwamen kuɗin haya, kashi 20 cikin 100 na hayar shekara amma bai wuce dubu 500 ba, sai dai wanda ya biya hayar ne yake cin moriyarsa. Idan maigida ne yake biya, ba naki ba ne.

Abin da za ki rubuta a ɓangaren samu ya wuce abin da YouTube da Facebook suke turowa. Kuɗin talla da mai kayan ƙamshi ya tura miki yana ciki. Idan kamfani ya aiko miki da injin markaɗe ko saitin tukwane da sharaɗin ki nuna su a bidiyo, wannan biya ne aka yi miki da kaya, ki rubuta kimarsa. Kyaututtukan TikTok ma da masu kallo suke jefowa lokacin shiri kai-tsaye, sunansu ne kyauta, amma saboda aikin da kike yi ake ba ki su, kuma kuɗi kike mayar da su ki cire. A ganina ki sa su cikin samu. Wasu manyan kamfanoni idan za su biya ki kuɗin talla suna cire wani kaso na haraji tun daga wurinsu. Kada ki bari ya tafi haka, ki nemi takardar shaidar cewa sun cire sun kuma miƙa da sunanki, domin za a rage shi daga abin da ake bin ki.

Shawarar ƙawarki kuwa, ki mayar mata da abarta cikin mutunci. Gaskiya ne kyauta ta tsakani da Allah, irin wadda mahaifi ko miji ko 'yar'uwa suke yi miki, ba a biya mata haraji. Amma rubuta "kyauta" a kan kuɗin da Google, kamfanin da ya mallaki YouTube, ya turo ba ya mayar da shi kyauta. Kuɗin yana da tushe, duk wata yana fitowa daga wuri ɗaya, ga shafinki a fili da fuskar tukunyarki kowa yana gani. Yau abin da yake kanki shi ne jinkiri da rashin sani, wanda ake gyarawa da biyan abin da ya hau da kuma tara. Ranar da kika fara rarraba kuɗi a asusun mutane da gangan don ɓoyewa, kin koma mai ba da bayanin ƙarya, wannan kuwa laifi ne da doka take hukuntawa, kuma kin jawo duk wanda ya ara miki asusunsa cikin ruwan. Sannan ki tambayi kanki, a cikin mutum biyar da za ki ba ajiya, nawa ne za su dawo miki da ita cif ranar da kika nema?

Wani abin da ake tsorata ku da shi shi ne wai duk kuɗin da ya shiga asusu gwamnati za ta yanki nata kai-tsaye. Ba haka abin yake ba. Naira 50 da kike gani ana cirewa idan an tura dubu 10 ko fiye kuɗin hatimi ne, ba harajin samu ba. Harajin samu ke ce za ki cike fom ki bayyana. Sai dai bankuna suna kai rahoton masu manyan hada-hada ga hukuma, kuma asusu yana haɗe da BVN da NIN, don haka zamanin da kuɗi zai yi ta shiga babu mai tambaya yana wucewa.

Yanzu ga maganar yayanki, kuma ina so ki saurare ni da kyau. Yana da gaskiya da hankalinsa ya tashi. Shi ma'aikaci ne, ana cire harajinsa daga albashi tun kafin ya shigo hannunsa. A takarda kuwa, ga wasu miliyoyi suna shiga asusunsa da sunansa waɗanda bai taɓa bayyanawa ba. Idan tambaya ta taso shi za a kira, ba ke ba, kuma ma'aikacin gwamnati da aka ga kuɗin waje suna shigo masa yana da bayanin da zai yi a wuri fiye da ɗaya. Ya yi miki halacci shekara uku, kada ki bar shi da wannan nauyin. Ta ɓangarenki kuma hatsarin ya fi haka. Rai a hannun Allah yake. Idan ta Allah ta kasance a kansa, Allah ya ba shi tsawon rai, duk abin da yake asusun nan dukiyarsa ce a idon banki, cikin gado za a sa ta, ke kuma ki koma neman shaidu a gaban matarsa da 'ya'yansa kan cewa kuɗin naki ne. Na ga zumuncin da ya tsinke a kan abin da bai kai wannan ba, kuma babu wanda ya yi niyyar cin amanar wani, rashin rubutu ne kawai. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi. Ajiyar shekara uku ta cancanci rubutu.

Saboda haka ku zauna ke da shi a wannan makon. Ya ciro bayanan asusun daga banki tun daga ranar da kuɗin farko ya shigo, ku bi su layi-layi, ku rubuta takarda cewa kaza da kaza sun shigo da sunansa amma na sana'arki ne kuma ya miƙa miki su, ku sa hannu da shaidu biyu. Takardar nan ita ce garkuwarsa. Daga nan ki buɗe asusun dala da sunanki, ki kuma buɗe asusun AdSense naki na kanki, wato wanda Google yake biyan masu YouTube ta cikinsa, ki mayar da tasharki kansa. Kada ki yi gaggawa a nan. Ki bari kuɗin da suka taru a tsohon su fita tukuna, domin Google ba ya biya sai sun kai dala 100, kuma tsakanin 21 zuwa 26 ga wata yake biya. Sabon asusun zai bukaci tantance ki da katin shaida, sannan a aiko miki da lambar sirri ta gidan waya, abin da yakan ɗauki makonni, don haka ki ba da adireshin da wasiƙa za ta iya zuwa. Haka za ki gyara na Facebook da TikTok, sunan mai karɓa ya zama naki.

Wurin buɗe sabon asusun za a nemi ki cike bayanan harajin Amurka, fom ɗin da ake kira W-8BEN. Kada ki tsallake shi. Tun 2021 Google yake cire harajin Amurka daga kuɗin da aka samu ta masu kallo da suke can. Najeriya ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, don haka kashi 30 cikin 100 ake cirewa, amma daga abin da masu kallon Amurka suka kawo kawai. Mai girkin Hausa irinki, da yawancin masu kallonta suna Najeriya da Nijar da Ghana da Saudiyya, wannan ba zai yi mata yawa ba. Wadda ba ta cike fom ɗin ba kuwa ana iya cire mata har kashi 24 cikin 100 na duk abin da ta samu daga ko'ina. Ki adana shaidar abin da aka cire, ki nuna ta lokacin cike fom ɗinki a nan, domin dokarmu tana da tanadin rangwame ga kuɗin da aka riga aka biya wa haraji a wata ƙasa.

Ranar da za ki riƙe ita ce 31 ga Maris. Kafin ta, kowace shekara, ake miƙa bayanin abin da aka samu a shekarar da ta gabata. Wanda bai miƙa ba, sabuwar dokar ta sa masa tarar naira dubu 100 a watan farko, da dubu 50 a duk watan da ya biyo baya. Kin ga ɓoyewa na shekara ɗaya kaɗai zai iya fin harajin kansa tsada. Shekarun da suka wuce kafin 2026 kuma da tsohuwar doka ake lissafa su, kuma lissafinta daban ne. A nan nake so ki kashe ɗan kuɗi ki nemi akanta mai rajista wanda ya saba da ofishin haraji na jiha, ya zauna da takardunki ya fitar miki da abin da ya hau kanki na baya, ya kuma raka ki. Na tabbata shekararki ta farko samun bai taka kara ya karya ba. Idan aka yanka miki abin da kike ganin ya wuce ƙa'ida, kina da kwana 30 ki rubuta ƙorafi, kuma sabbin dokokin sun kafa ofishi na musamman mai sauraron koken masu biyan haraji. Duk abin da za ki biya ki biya ta banki zuwa asusun gwamnati, ki karɓi rasiɗi. Wanda ya kira ki a waya ya ce shi jami'in haraji ne ki tura asusunsa, ko ki karanto masa lambar da aka turo miki, ɓarawo ne, ki kashe wayar.

Zakkar da kike fitarwa Allah ya karɓa, ki ci gaba. Amma ba ta ɗauke haraji, haraji ma ba ya ɗauke ta. Ita haƙƙin Allah ce a kan dukiyar da ta kai nisabi ta shekara a hannunki, kuma an ambaci waɗanda ake ba wa. Shi kuwa a kan ribar shekara ake lissafa shi, ko kin tara ko kin kashe. Littafin da za ki fara rubutawa zai yi miki amfani a duka biyun, domin mai fitar da zakka da ƙiyasi tana iya ragewa ba ta sani ba.

Saura maigida. Dukiyarki taki ce, addini ya ba ki wannan, kuma harajinki ma naki ne, ba a haɗa shi da nasa. Amma ina ba ki shawara ki faɗa masa gaskiyar abin da kike samu da bakinki kafin ki fara zirga-zirgar banki da ofishin haraji. Zai fi masa ciwo ya ji a bakin yayanki, ko ya tsinci takarda a ɗaki, ya gane cewa kowa ya sani sai shi. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa yake kwance, ki nuna masa lissafin gaba ɗaya, samu da kashewa da abin da za a biya, don ya ga miliyan 6 ɗin ba tsabarsu suke zaune a hannunki ba. Idan kina tsoron ya janye hannu daga ɗawainiyar gida da zarar ya ji, to ki fara shawara da mahaifiyarki ko wani babba da yake jin maganarsa, domin ciyarwa tana wuyansa ko nawa kike samu.

Gobe idan kin aiki yaro kanti, ya sayo miki littafi mai bango mai kauri. Shafin dama abin da ya shigo: kwanan wata, daga ina, dala nawa, naira nawa ta zama a ranar. Shafin hagu abin da ya fita. Mai kaji a kasuwa ba ya ba da rasiɗi, to ki biya shi ta waya ko ki rubuta da hannunki a ranar tun ba ki manta ba. Rasiɗan da kika samu ki ɗauki hotonsu, domin tawadar na'urar POS tana gogewa cikin 'yan watanni, asalinsu kuma ki zuba a gwangwani guda. Doka tana so a ajiye irin waɗannan takardu shekara shida. Idan kun gama zama da yayanki kin samu akantan, ki sake rubuto min in ji yadda kuka yi da lissafin shekarun baya.